Richard Wright, baƙon Paris da ya ƙare rayuwarsa yana ƙirga gaɓoɓin haiku

A daren 28 ga watan Nuwamban 1960, wani marubuci baƙar fata ɗan Amurka ya rasu a wani ƙaramin asibiti da ke birnin Paris, yana da shekara 52. Duniya ta san Richard Wright da manyan littattafai masu zafi a kan wariyar launin fata. Amma aikin da ya fi cin lokacinsa a watanni 18 na ƙarshen rayuwarsa shi ne wasu ƴan gajerun waƙoƙi masu layi uku-uku, irin waɗanda Japanawa ke kira haiku. Ya rubuta kusan 4,000 da Ingilishi, yana fama da ciwo, aljihunsa ya yi sauƙi, matarsa tana Landan inda hukuma ta hana shi takardar izinin zama. Kamfanin ɗab'in da ya aika wa waƙoƙin ya ƙi buga su. Sai da aka yi shekara 38 da rasuwarsa kafin littafin ya fito.

A yau malaman adabi kan kawo sunansa idan ana muhawara a kan tambayoyi biyu: me ke sa waƙa ta zama haiku, kuma ta yaya ake rubuta ta da harshen da ba Japananci ba. Kafin a kai ga amsa, sai an san mutumin da hanyar da ta kai shi can.

Yaron Misisifi

An haifi Richard Wright ranar 4 ga watan Satumban 1908 a wata gona kusa da garin Natchez, cikin jihar Misisifi a kudancin Amurka. Kakanninsa a cikin bauta aka haife su. Mahaifinsa, Nathan, yana noma gonar wani ne ana raba amfani, mahaifiyarsa Ella kuma ta taɓa koyarwa a makarantar ƙauye. Neman abinci ya kai iyalin birnin Memfis, kuma a can uban ya watsar da su ya bi wata mace, lokacin Richard bai wuce shekara shida ba. Yunwa ta zama abokiyar zamansu, har sai da uwar ta ajiye shi da ƙanensa a gidan marayu na wani ɗan lokaci.

Daga nan suka koma jihar Arkansas wajen ƴar'uwar mahaifiyarsa. Mijinta, Silas Hoskins, yana da kasuwanci mai tafiya, kuma a gidansa ne yaron ya fara sanin ƙoshi. Fararen fata da ke ƙyashin kasuwancin suka harbe mutumin. Iyalin suka tsere cikin dare, ko jana'izarsa ba su samu yi ba. Ba a jima ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Ella, ciwon da ya bi ta har ƙarshen ranta.

Riƙon Richard ya koma hannun kakarsa a garin Jackson. Tsohuwa ce mai tsananin riƙo da ɗariƙarta ta Kirista, wadda take ɗaukar ƙagaggen labari a matsayin ƙarya da aikin shaiɗan. Duk da haka ya rubuta gajeren labarinsa na farko, wata jaridar baƙaƙen fata ta garin ta buga shi a 1924. Shekara ɗaya bayan haka ya gama aji tara, shi ne na ɗaya a ajinsu. Kusan nan karatunsa na lakkol ya tsaya.

Sauran ilimin da dabara ya same shi. Da ya koma Memfis aiki a wani kamfanin gilashin ido, dokar wariya ta hana baƙar fata aron littafi a ɗakin karatu na gari. Sai ya ari katin wani abokin aikinsa farar fata, ya riƙa rubuta ƴar takarda da hannunsa da sunan mutumin, ya miƙa wa ma'aikaciyar kamar aiko shi aka yi. Ta haka ya karanta manyan marubutan Amurka da Turai, ya kuma gane cewa ana iya yaƙi da alƙalami.

Suna, da barin gida

A 1927 ya hau jirgin ƙasa zuwa Shikago, yana cikin dubban ɗaruruwan baƙaƙen fata da suka bar kudu zuwa biranen arewa a wancan zamani. Ya yi wankin kwanoni, ya yi aikin rarraba wasiƙu a gidan waya, ya kuma ɗanɗana zaman kashe wando lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye bayan 1929. Ya shiga jam'iyyar Kwaminis, wadda ta fara ba shi filin buga rubutunsa, daga baya suka raba gari a farkon shekarun 1940 saboda bai yarda a riƙa tsara masa abin da zai rubuta ba.

Ya koma New York a 1937. Tarin labaransa mai suna Uncle Tom's Children ya fito a 1938, sai kuma ƙagaggen labarinsa Native Son a watan Maris na 1940, labarin wani saurayi baƙar fata a Shikago da tsoro da talauci suka kai shi ga kisan kai. An sayar da kwafi sama da 200,000 cikin makonni kaɗan. A 1945 ya fitar da Black Boy, tarihin ƙuruciyarsa a kudu, shi ma ya yi kasuwa sosai. Yana ɗan shekara 37, babu wani marubuci baƙar fata a Amurka da ya kai shi suna.

Sunan bai canza launin fatarsa a idon maƙwabta ba. Shi da matarsa Ellen, farar fata ce, sai da suka ɓoye bayan lauya kafin su iya sayen gida a unguwar da suke so a New York. Hukumar FBI kuma ta riga ta buɗe masa fayil. Ya ziyarci Faransa a 1946, a 1947 ya kwashe iyalinsa suka tare a Paris, bai sake zama a Amurka ba.

A Paris ya yi hulɗa da Jean-Paul Sartre da Simone de Beauvoir, yana kuma cikin waɗanda suka mara wa Alioune Diop na Senegal baya lokacin kafa mujallar Présence Africaine a 1947. A 1953 ya yi kimanin wata uku a ƙasar da ake kira Gold Coast, wato Gana ta yau, ya ga gwagwarmayar Kwame Nkrumah da idonsa, ya zaga Akara da Kumasi. Littafin da ya rubuta kan tafiyar, Black Power, bai ɓoye abin da ya dame shi ba: ya zo ƙasar kakanninsa, amma ya tarar shi baƙo ne a can ma. A 1955 ya halarci taron ƙasashen Afirka da Asiya 29 a Bandung na Indunisiya, a 1956 kuma ya yi jawabi a babban taron marubuta baƙaƙen fata na farko a jami'ar Sorbonne, tare da su Senghor da Aimé Césaire da Frantz Fanon.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Masu sharhi a Amurka suka fara cewa zaman Turai ya raba shi da ƙasar da yake rubutu a kanta. Labarinsa The Long Dream na 1958 ya sha suka, bai kuma yi kasuwa ba.

Shekarar 1959

Abubuwa sun taru masa a shekara ɗaya. A watan Janairu labarin rasuwar mahaifiyarsa ya same shi a Faransa. Da tsakiyar shekara likitoci suka gano yana ɗauke da ciwon atini mai naci, irin wanda ƙwayar amiba ke haddasawa, wanda ake jin a tafiye-tafiyensa ya ɗauko shi. A watan Satumba amininsa George Padmore, mai ba Nkrumah shawara, ya rasu a Landan. Wright ya riga ya sayar da gonarsa ta Normandi da niyyar komawa Ingila da zama, matarsa da ƴaƴansa mata biyu sun riga shi tafiya, sai hukumomin Birtaniya suka ƙi ba shi izinin zama. Ya dawo Paris shi kaɗai, ya kama ɗan ƙaramin gida a titin Régis.

Ciwon da magungunan sun rage masa ƙarfi, doguwar zama a gaban keken rubutu ta fara gagararsa. A wannan hali ne wani matashi ɗan Afirka ta Kudu da ke zaune a Paris ya ba shi aron wasu littattafai huɗu masu suna Haiku, na wani Bature ɗan Ingila, R. H. Blyth.

Shi ma Blyth baƙo ne a inda ya zauna. An haife shi a 1898, an ɗaure shi a Ingila lokacin yaƙin duniya na ɗaya saboda ya ƙi ɗaukar bindiga, ya yi koyarwa a Koriya, sannan ya koma Japan inda aka tsare shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba a yaƙin duniya na biyu. Bayan yaƙi ya koyar da yarima mai jiran gado Akihito Ingilishi. Juzu'ai huɗun nan sun fito tsakanin 1949 da 1952, kuma ta hanyarsu ne yawancin masu jin Ingilishi na wancan zamani suka fara sanin haiku. Wright ya karance su, ya ɗauki alƙalami.

Mene ne haiku?

Asalin haiku wasan taro ne. Tun ƙarnoni da suka wuce, mawaƙan Japan kan zauna tare su haɗa doguwar waƙa mai suna renga. Mutum na farko ya kawo baiti mai sauti 5, 7, 5, na biyu ya ɗora nasa mai 7, 7, a yi ta zagayawa har baiti 36 ko 100. Baitin buɗewa shi ake kira hokku, kuma bisa al'ada babban baƙon taron ake ba wa. Tunda gaisuwa ce ga mai masauki, dole ya nuna lokacin shekarar da ake zaune, dole kuma ya tsaya da ƙafarsa ba tare da jiran baiti na gaba ba. Daga waɗannan sharuɗɗa ne ƙa'idojin haiku suka fito.

Matsuo Basho, wanda ya rayu daga 1644 zuwa 1694, shi ya ɗaga darajar hokku daga wasan raha zuwa adabi mai nauyi. Yosa Buson da Kobayashi Issa suka biyo baya. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ɗan jarida, Masaoka Shiki, ya raba baitin da doguwar waƙar gaba ɗaya, ya yaɗa sunan haiku, ya kuma koyar da cewa mawaƙi ya zana abin da idonsa ya gani kamar yadda mai zane ke yi. Shiki ya yi shekarunsa na ƙarshe a kwance da tarin fuka, yana rubutu a kan shimfiɗa, ya rasu a 1902 yana da shekara 34.

Abubuwa uku ne ginshiƙan haiku na gargajiya. Na farko shi ne ƙirga: sauti 17 a kashi uku, 5, 7, 5. Japanawa kan rubuta su a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Masu fassara ne suka mayar da su layi uku.

Na biyu shi ne kalmar yanayi, wadda suke kira kigo. Kalma ce ɗaya da ke sanar da mai karatu lokacin shekara ba tare da an ambaci wata ba. Furen sakura da kwaɗo na lokacin tohon itatuwa ne. Farin wata, idan aka ambace shi shi kaɗai, na kaka ne. Dusar ƙanƙara ta lokacin sanyi ce. Akwai littattafai na musamman, saijiki, da suka tattara dubban irin waɗannan kalmomi. Abin ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi yana jin cewa zuwan shamuwa alamar damina ce, hazo kuma na hunturu. Amfanin kigo shi ne tattali: kalma ɗaya ta ɗauko zafi ko sanyi, haske, da duk abin da mutane suka saba ji a wannan lokaci.

Na uku shi ne yanka. Japananci na da wasu ƴan ƙananan kalmomi, kireji, irin su ya da kana da keri, waɗanda ba su da ma'ana ta kansu sosai. Aikinsu shi ne su raba waƙar gida biyu ko su tsayar da numfashi. Mawaƙin ya ajiye hoto ɗaya, ya yanka, ya ajiye na biyu kusa da shi, ya yi shiru. Mai karatu ne ke haɗa su. Masana da dama na ganin wannan giɓi da ake bari shi ne zuciyar haiku.

Akwai kuma abubuwan da ba a sa wa. Haiku ba ta da amsa-amo, ba ta da take, ba ta rufewa da wa'azi ko darasi. Idan waƙa mai wannan tsari ta bar yanayi ta koma kan halayen mutane da ba'a, sunanta ya zama senryu.

Inda Ingilishi ke ba da wahala

Matsalar farko ita ce ƙirgar kanta. Abin da Japanawa ke ƙirgawa, wanda suke kira on, ya fi gaɓar Ingilishi gajarta. Dogon wasali biyu ne a wurinsu, harafin n na ƙarshen gaɓa kuma ɗaya ne mai zaman kansa. Sunan babban birninsu, Tokiyo, on huɗu ne a bakinsu. Kalmar haiku kanta uku ce a Japan, biyu a Ingila. Mai nazarin rubutacciyar waƙar Hausa, wanda ya saba bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi, zai fi Bature saurin gane wannan lissafi.

Ita kuwa gaɓar Ingilishi takan ɗauki kaya da yawa. Kalmar spring gaɓa ɗaya ce, amma da Japanawa suka are ta sai ta zama su-pu-ri-n-gu, on biyar, kamar yadda bread mai gaɓa ɗaya ta zama burodi mai uku a bakin Bahaushe. Saboda haka gaɓa 17 na Ingilishi sun fi on 17 tsawo da yawan bayani. Masu nazari sun ƙiyasta cewa kimanin gaɓa 12 na Ingilishi ne ke daidai da tsawon haiku na Japananci. Wanda ya nace sai ya cika 17 yakan faɗa tarkon ciko: ya ƙara siffa ko wata kalmar da ba ta da aiki don lissafi ya fita.

Tun a zamanin Wright an rabu kan wannan. Blyth bai bi 5, 7, 5 ba a fassararsa. Harold Henderson, wanda littafinsa na gabatar da haiku ya fito a 1958, har amsa-amo ya sa wa nasa fassarar. Jack Kerouac, da shi ma ya koya daga Blyth, ya ce layi uku gajeru sun isa, a bar ƙirga. Ƙungiyar haiku ta Amurka da aka kafa a 1968 ta karkata ga gaɓa 17 ko ƙasa da haka, kuma mafi yawan mujallun haiku na Ingilishi a yau gajeru suke bugawa, ko da yake a makarantu har gobe 5, 7, 5 ake koya wa yara.

Matsala ta biyu, Ingilishi ba shi da kireji. Marubuta kan maye gurbinsa da alamar rubutu, kamar karan ɗori ko ɗigo biyu, ko kuma su bar ƙarshen layi ya yi aikin. Tsarin da aka fi bi shi ne layi ɗaya ya tsaya shi kaɗai, sauran biyun su zama magana ɗaya. Idan layukan uku suka karantu a matsayin jimla guda da aka kakkarya, babu yanka. Idan kowane layi ya tsaya shi kaɗai, abin ya zama jerin kayan cefane.

Matsala ta uku ita ce yanayi. Japan ƙasa ɗaya ce mai littafin kigo da aka yarda da shi. Ingilishi kuwa ana jin sa a wurare masu yanayi daban-daban: watan Yuli zafi ne a New York, sanyi ne a Johannesburg, damina ce a Legas. Mafitar da marubuta suka samu ita ce kowa ya ɗauko alamar yanayi daga inda yake tsaye.

Idan aka tattara abin da editocin mujallun haiku ke nema ga mai rubutu da Ingilishi, bai wuce wannan ba. Ya fara da abin da ya gani ko ya ji da kunnensa, ya faɗe shi kamar yanzu yake faruwa. Ya yi amfani da sunayen abubuwa na zahiri da kalmomin yau da kullum. Ya guji kamance, wato cewa wannan kamar wancan ne, domin ajiye hotuna biyu kusa da juna ya riga ya yi wannan aiki. Kada ya faɗi cewa yana baƙin ciki ko kewa. Abin da ya nuna ne zai faɗa. A ƙarshe ya karanta da ƙarfi, idan ta wuce numfashi ɗaya ya rage.

Hanyar da Wright ya bi

Wright ya zaɓi hanya mai wuya. Mafi yawan waƙoƙinsa sun cika 5, 7, 5 daidai, da babban baƙi a farkon kowane layi da alamomin rubutu. Ƴarsa Julia, wadda ta rubuta gabatarwar littafin daga baya, ta ba da labarin yadda ba ya rabuwa da kundin waƙoƙin: yana rubutu a gado, a gidan shan kofi, a gidan abinci, yana ƙirga gaɓoɓi. Ta ce yakan rataye takardun a kan sandunan ƙarfe da ya gitta a ɗakinsa, kamar shanyar wanki, yana dubawa yana sauya musu wuri. A ganinta waƙoƙin magani ne da ya haɗa wa kansa don yaƙar ciwo, kuma hanya ce ta makokin mahaifiyarsa.

Wanda ya san Native Son zai yi mamakin abin da ke cikinsu. Mutumin da ya yi shekara 20 yana bayyana fushinsa a ɗaruruwan shafuka ya koma kallon hankaka, mutum-mutumin gona, ruwan sama da dusar ƙanƙara. Da yawa daga cikin hotunan ba na Paris ba ne. Gonakin auduga ne, furen magnoliya, zafin rana a kan manoma, wato Misisifin da ya gudu daga gare ta yana saurayi bai kuma koma da zama ba. Talauci da wariya suna nan a ciki, amma ba a ambaci sunansu ba. Ƙa'idar kigo ta tilasta masa ya tsaya a wani wuri a wani lokaci na shekara, kuma wurin da zuciyarsa ta fi kai shi shi ne gida.

Ba dukansu ne suka yi kyau ba, kuma masu sharhi ba su ɓoye hakan ba. Akwai waɗanda ciko ya bayyana a cikinsu, akwai waɗanda jimla ɗaya ce babu yanka, wasu kuma sun fi kusa da senryu. Abin da ba a musu a kai shi ne cewa ya fahimci kigo da yanka a lokacin da ko mujallar haiku ɗaya babu a Amurka, domin ta farko sai a 1963 ta fara fitowa. Mafi kyawun waƙoƙinsa sun nuna cewa ana iya cika 17 da Ingilishi ba tare da mai karatu ya ji ana ƙirga ba. Raunanan kuma sun nuna cewa cika lissafin kaɗai bai isa ya mai da layi uku haiku ba.

Ƙarshen tafiya

A 1960 ya tace waƙoƙin ya zaɓi kimanin 800, ya aika wa wani edita a Amurka. Amsar da ta dawo ita ce ba za a buga ba. Kasuwa ta san Richard Wright da wata murya daban, kuma waƙa ba ta kawo kuɗi. A farkon shekarar ma an rufe wasan kwaikwayon da aka yi daga The Long Dream a New York bayan ƴan kwanaki da buɗewa.

Ranar 8 ga Nuwamba ya yi jawabinsa na ƙarshe a cocin Amurkawa da ke Paris, inda ya yi zargin cewa gwamnatin ƙasarsa na leƙen asirin marubuta baƙaƙen fata tana kuma haɗa su faɗa. Ranar 26 ga wata, marubuci Langston Hughes ya kai masa ziyara a gida, daga nan ya wuce asibiti don a duba shi. Bayan kwana biyu ya cika. Likitoci sun ce bugun zuciya ne, ko da yake saurin mutuwar ya sa wasu makusantansa zargin akwai hannu a ciki. An ƙone gawarsa a maƙabartar Père Lachaise ranar 3 ga Disamba, tare da kwafi ɗaya na Black Boy. Ya rasu a shekarar da ƙasashen Afirka 17, ciki har da Nijar, suka samu ƴancin kan da ya daɗe yana rubutu a kansa.

Waƙoƙi ƙalilan ne suka fito a mujallu da tarin rubuce-rubucensa a shekarun da suka biyo baya. Sai a 1998 kamfanin Arcade na New York ya buga littafin da sunan Haiku: This Other World, ɗauke da waƙoƙi 817, bisa kulawar malamai biyu, Yoshinobu Hakutani da Robert Tener. A lokacin haiku ta riga ta samu gindin zama a wajen mawaƙa baƙaƙen fata na Amurka irin su Etheridge Knight da Sonia Sanchez. A 2015 kuma wasu marubuta biyu, ɗaya daga Gana ɗaya daga Najeriya, suka kafa ƙungiyar haiku ta Afirka mai mujalla The Mamba, inda iskar hunturu da ruwan farko suka zama kalmomin yanayi a waƙoƙin Ingilishi.

A bangon gida mai lamba 14 a titin Monsieur-le-Prince na Paris akwai allo da ke nuna cewa Richard Wright ya zauna a nan. Sauran waƙoƙinsa sama da 3,000 da ba su shiga littafin ba suna ajiye cikin takardunsa a ɗakin karatu na Beinecke, a jami'ar Yale.